Ƙarar da Rabo Ya Bari a Inji

Duk wanda motarsa ta taɓa yin kukan da bai gane ba a Dakoro ya san hanyar garajin Rabo. Garajin ma dai suna ne, rumfar kwano ce a gindin bedi, da tarin tsofaffin tayoyi, da ƙasar da baƙin mai ya riga ya cinye. Kayan aikinsa na gaske sandar ƙarfe ce mai tsawon muciya. Zai dafa kanta ɗaya a jikin inji, ɗaya a kunnensa, ya runtse ido. Direbobi kan tsaya tsit kamar masu jiran hukunci, har ya ɗago ya ce, "Pampo ne," ko "Ka daɗe ba ka canza mai ba," ya juya. Ba ya ƙara ko kalma, kuma ba ya son a ce masa ya maimaita.

Ɗan ƙauyen Rumbu ne, ɗan manomi, wanda ya gudu daga fartanya ya zama karen mota. Ya koyi aiki a Maraɗi, ya dawo da hannu baƙi da baki mai nauyi, ya auri Uwale. Ɗansu na fari shi ne Yazidu. To, kowa ya san kunyar ɗan fari, amma Rabo ya kai tasa inda tsofaffin mata ma ke masa dariya. Bai taɓa kiran sunan yaron ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. In ya zama dole ya yi maganarsa, sai ya ce "wancan." Uwale ma haka take, sai dai ita tana da tukunya, a cikin kwanon tuwo take faɗin abin da bakinta ba ya faɗi.

Da Yazidu ya girma ya zama direba, ya sami wata tsohuwar kat-kat, motar shiga rairayi mai shan man gazuwal, irin waɗanda suka ga duniya kafin su iso Nijar. Da ita yake kai buhunan hatsi da 'yan kasuwa Azagor, ya dawo da awaki da cuku. Hanyar rairayi ce, babu mai bin ta da ƙaramar mota, kuma in ta lalace maka a can, sai Allah. Rabo ya zuba wa motar nan ido fiye da kowace. Mai, filta, ruwan lagireto, babu abin da yake bari sai gobe.

Abu ɗaya ya bari. A cikin injin akwai supap guda, ɗan ƙarfen da ke buɗe wa iska hanya, da ya ɗan saki, yana wani tsak-tsak-tsak. Ba ya cutar da komai, amma ana jinsa tun daga kwanar famfo. Yazidu ya yi ta mita.

"Baba, wagga ƙara hwa tana ba ni kunya. Abokaina na cewa ɗan makanike da mota mai tari."

"Ba ta kashe ka," in ji Rabo, ya ci gaba da abin da yake yi.

Aikin da bai kai dahuwar shayi ba, shekara da shekaru ya ƙi yin sa. Mutane suka ce rowar hannu ce, wasu suka ce tsufa ya fara taɓa kunnen. Ba su sani ba. Uban da ba zai iya tambayar "Ya dawo?" ba, dole ya nemi wata hanyar sani. Ranar kasuwa da magariba Rabo kan zauna a ƙofar gida, baya ga hanya, yana jan carbi. Da ya ji tsak-tsak daga kwanar famfo sai ya tashi ya shige ciki, fuska a murtuke, kamar wanda sauro ya kora. A cikin gida kuma Uwale ta riga ta ɗaga murfin tukunya. Ba su taɓa yin maganar ba.

A bazarar bara Yazidu ya dawo da ciwon kai da wuya a sandare. Sankarau ne. Kafin kasuwa ta zagayo an kai shi makwancinsa.

Rabo bai yi kuka ba. Ya karɓi gaisuwa, ya ce "Sai haƙuri" ga masu ce masa sai haƙuri, ya koma garaji. Ba jarumtaka ba ce, shi kansa ya sani. Babu abin da yake ji ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Yana ci, bai san ɗanɗanon ba. Yana gyara motoci daidai, yana karɓar godiya, yana komawa gida.

Mota kuwa ba ta zaman makoki, ga marayun da Yazidu ya bari suna jiran abinci. Aka ba da ita ga Mahamadu, abokin marigayin, ya ci gaba da zuwa Azagor. Ranar kasuwa ta farko, da magariba, ƙarar ta taso daga kwanar famfo. Rabo ya sami kansa a tsaye kafin ya tuna. A ciki ya tarar da Uwale riƙe da murfin tukunya, tana kallon bango. Haka aka yi ta yi, mako bayan mako, ita tana ramewa, shi yana tashi yana komawa ya zauna.

Wata rana ta aje masa ruwan alwala, ba ta tafi ba.

"Malam, ka ɗaure abin ga."

"Mi?"

"Ka san mi. Kowace kasuwa sai ya dawo mini, kowace kasuwa sai ya sake mutuwa. Ni na gaji."

Ya so ya ce ba ta kashe kowa. Ya dube ta, ya ga ƙarya ce. Amma ƙarar nan ita kaɗai ta rage masa. Ba shi da wata hira da zai tuna, ba shi da ranar da ya dafa kan yaron. Abin da ke tsakaninsu ke nan tun farko.

Ya aika wa Mahamadu ya kawo motar da la'asar, ya bar ta ta kwana, don ba a taɓa supap sai inji ya yi sanyi. Da Mahamadu ya tafi, Rabo ya tada ta, ya dafa sandarsa a kan murfin inji, ya sa kunne. Ya daɗe haka. Can, a ƙarƙashin rugugin gazuwal, inda babu mai ji, ya ce, "Yazidu." Sunan ya yi masa baƙo a baki. Ya jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa, shiru, sai ya kashe motar.

Da safe ya buɗe murfin, ya sassauta noti, ya zura siririn ƙarfen awo, ya juya, ya ɗaure. Mahamadu ya tada inji ya washe baki.

"Kai, Baba! Kamar sabuwa. Mi ya hana ka yi shi tun da?"

"Ka riƙa duba mai," in ji Rabo.

Ranar kasuwa ya zauna a ƙofar gida yadda ya saba, baya ga hanya. Motoci suka wuce, duk muryarsu ɗaya. Bai san lokacin da motar ta iso ba, sai sallamar Mahamadu ya ji a kansa. Ya amsa. A ciki Uwale ba ta tashi ba, yana jin ta tana tsince wake. Mahamadu ya sauke awaki, ya rufe mota, ya tafi. Aka kira salla, Rabo yana nan zaune, motar na gabansa a kashe, kunnensa yana kwanar famfo.