Tunkiyar da Ta Ceci Ƙafar Chindo

Shekara talatin kawuna Chindo ya yi yana tuƙa motar siminti daga Malbaza, kuma ban taɓa ganin ya taka inda taya za ta iya kai shi ba. Ko masallacin unguwa da babur yake zuwa. Da ya yi ritaya sai ciwon suga ya kama shi, ƙafarsa ta dama ta fara mutuwa. Likita bai ɓoye masa ba: ko ya riƙa tafiyar awa guda kullum, ko wata rana a yanke ta.

Ɗansa Imrana, da ke karatu a Faransa, ya aiko masa da takalman gudu da dogon bayani. Wai can kowa shi kaɗai yake fita, ya toshe kunnuwa da kiɗa, ba mai kallonsa, kuma daɗin abin ke nan a wurinsu.

To, Malbaza ba Faransa ba ce. Ranar farko kawu bai yi taku ɗari ba mai babur ya ci burki.

"Baba, lahiya? Ina za ka? Hau in kai ka."

"Ba ko'ina za ni ba."

Wannan amsa ita ta ɓata komai. Dattijo, hannu wofi, yana tafiya ba inda ya nufa? Kafin azahar an fara zuwa gida ana yi wa matarsa Habiba jaje. Wasu suka ce kansa ya taɓu, wasu suka ce mu ne muka bar shi yana yawo a ƙasa. Ni kam na ji haushi ƙwarai. Kwana huɗu ya jure, a na biyar ya tura takalman ƙarƙashin gado, ya ce gara ƙafar ta tafi da a ce mutuncinsa ya zube.

Tukur ne ya fitar da mu, wani Bafulatani makiyayi, abokinsa tun na ƙuruciya. Da ya ji labarin sai da ya yi dariya har da hawaye.

"Kai, Chindo! Wa ka tahiya banza? Riƙa wannan."

Igiyar wata tsohuwar tunkiya ya danƙa masa. Washegari kawu ya ja ta zuwa makiyaya, ya bi garken Tukur suna hira. Ba babur ɗin da ya tsaya. Mutum da dabba a hannu ai yana da abin yi, sai dai a ce masa sannu da aiki.

Bayan wata biyar yana bin garke kullum, na raka shi asibiti. Likita ya duba jini, ya tsikari tafin ƙafar da tsinke. Kawu ya zabura ya ce, "Wayyo!"

"Alhamdu lillahi," in ji likita. "Baba, tunda ka ji zafi, wannan ƙafa taka ce, ba mai taɓa ta."

Kawu kuwa ya riƙe ƙafar da hannu biyu, yana dariya, yana share ido da hannun riga.