Shekarar Da Na Zama Saniya

Na shiga kwalejin Filinge a shekarun da ruwan sama ya ƙaurace wa ƙasar Kurfai. Na zo daga wani ƙauye kusa da Tabla, da riga ɗaya, da in'ina mai tsanani. In malami ya yi tambaya na san amsa, sai harshena ya maƙale a harafin farko, har ajin ya gaji da jira. Da na ga haka, sai na koma bencin baya na yi shiru, mutane suka ɗauke ni mai zurfin tunani.

Ranar Alhamis da la'asar ba a karatu. Darakta, wato shugaban makarantar, ya raba mu: wasu lambu, wasu ƙwallo, wasu tiyatir, wato wasan kwaikwayo. Lambun ya bushe, ƙwallo kuwa tana son ƙarfin da ba ni da shi. Amma na ji cewa 'yan tiyatir ana dama musu kunun jar dawar taimako bayan gwaji. Abin da ya kai ni fagen fasaha ke nan.

Malamin Faransanci ne mai kula da mu, wani dogon mutumin Damana da muke kira mushe, wato "monsieur" na Faransanci, kamar yadda ake kiran kowane malami. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai da ba ka magana cikin aji, mi ka zo yi nan?"

Na buɗe baki, kalma ta ƙi fita.

"Ba komi," in ji shi. "Ina da wurin da ya dace da kai."

Wasan labarin wani makiyayi ne da ya ƙi sayar da saniyarsa tun tana da nama, har fari ya cinye ta. Ni aka ba saniyar. Mushe ya ce ba ya buƙatar neman wani, haƙarƙarina kaɗai sun isa. Aikina in yi kuka, in yi tangaɗi, in faɗi. Aka samo mini fata da ƙahoni, abin da ya fi komai araha a kasuwar wannan shekara.

Na ɗauki aikin da muhimmanci fiye da kima. Nakan je bakin rijiya in tsaya ina kallon yadda ramammun shanu ke tafiya. Mushe kuma yakan tsayar da ni bayan gwaji, ya sa in ja numfashi daga ciki, in saki kukan a hankali, daga nan ya ce in faɗi sunan ƙauyenmu da irin wannan numfashi. A lokacin ban gane dabara yake yi mini ba. Na zaci kukan saniyar ne bai gamsar da shi ba.

Aka sa wasa ranar kasuwa, a filin makaranta, wadda mutanenmu ke kira lakwal, bisa teburan da aka haɗa. Mutanen gari suka cika, da baƙin da yunwa ta koro daga arewa. Abin da ban sani ba, kakata ta biyo 'yan kasuwa ta zo. Kakata tsohuwar 'yar bori ce. Tun ina ƙarami take cewa in'inata ba ciwo ba ce, iskoki ne suka riƙe harshen, wata rana za su hau ni su yi magana. Babana yakan yi tsaki ya tafi masallaci.

Don wasan ya yi armashi, mushe ya ɗauko mai goge ya riƙa ja a hankali lokacin mutuwar saniya. Da gogen ya fara, na yi tangaɗi, na faɗi, na shiga shure-shure ina juya idanu. Tun wurin gwaji mushe ya ce a taƙaita, amma da na ji fili ya yi tsit, sai daɗi ya kwashe ni, na ƙara da birgima.

Sai na ji guɗa. Kafin in ankara, an lulluɓe ni da zane, wata ta rungume kaina tana cewa, "Sannu da zuwa! Sannu da sauka! Mun daɗe muna jira. Wane ne bisa yaron ga?"

Makiyayin wasa ya tsaya da sandarsa, ya manta kukan da zai yi. Na yi lamo ko za ta sake ni, ta ƙara ƙanƙame ni, tana kiran mai goge ya matso. Da na ga za a yi mini girkar bori a gaban darakta, sai na yaye zanen, na tashi zaune da ƙahoni a karkace, na ɗaga murya:

"Kaka, ni ne! Ba kowa bisa kaina! Saniya nike, mutuwa nika yi, ki bar ni in ƙare!"

Ko harafi ɗaya bai maƙale ba. Filin ya fashe da dariya, har matan da suka zo da 'ya'ya a goye ba ƙarfi. Darakta ya rufe fuska da hularsa. Kakata ta dube ni, ta dubi fatar, ta karɓe zanenta ta kaɗe.

"To, mutu," ta ce, ta sauka.

Na koma na kwanta na mutu, amma ba wanda ya ji tausayina.

Daga ranar har na bar kwaleji, sunana Saniya. Yara kan bi ni a kasuwa suna kukan saniya. Abin mamaki, tsoron mutane ya fita daga raina, don duk abin da zan faɗa a aji ba zai kai wancan abin dariya ba. A wasa na gaba mushe ya ba ni maigari, mai dogon jawabi. Na yi in'ina nan da can, na ja numfashi, na wuce.

Da hutu na koma gida, na tarar labari ya riga ni. Garkenmu ya ƙare kaf a farin nan, amma duk wanda ya zo yi wa kakata jaje, sai ta nuna ni da haɓa ta ce, "A'a, ba duka ba. Ga guda can lakwal na yi muna kiwo."