Yaji Ne Ko Saki: Tafiyata Damagaram

Daga Nasarawo zuwa tasha

Ban jira gari ya waye ba. Ana sallame Asuba na ɗaura ƙullina, na ja ƙofa, na tare keke a bakin titi. An yi ruwa kafin Asuba, kwatoci sun cika, mai keken yana ta kauce wa ramuka yana mita. Ni ban yi boko ba, wannan labarin ma faɗa nake yi ana rubutawa, domin matan unguwa sun dame ni da tambaya, na gaji da maimaici.

Ga abin da ya fitar da ni. 'Yata Maryama tana aure a Damagaram, cikin Nijar. Mijinta Abdu tela ne, a unguwar Dawaki nan Gombe ya yi zaman shago shekaru, ya aure ta, ya koma da ita garinsu. Bana Allah ya yi masa rasuwa. Maza suka je gaisuwa, ni ina kwance da ciwon ƙafa. Ta shiga takaba da goyon 'ya mace, Ummi, takwarata, wadda ban taɓa sa wa ido ba, saboda lokacin da aka haife ta iyaka a rufe take. Na san abin da rufe iyaka yake nufi. An yi suna ina zaune a Gombe da turmin atamfa a kan cinya.

To sai ga rediyo yana ta faɗin cewa Nijar ta fita daga ƙungiyar nan ta ƙasashenmu, wai an ƙara mata wa'adi ko za ta sake tunani, wa'adin kuma ya kusa cika. Na lissafa da wata, na ga zai cika Maryama ba ta fita takaba ba. Na ce a raina, in suka sake ja ƙofar nan 'yata tana ciki, ba miji, ba uwa, wa ya san ranar buɗewa? Na yanke shawara in je in taho da ita da ɗiyar, ko ana so ko ba a so.

Dukku, Darazo, Birnin Kudu

Motar Kano ta cika rana na fitowa. Na zauna bayan direba don in ga hanya da idona. A hannun damana wani Ibo ne mai sayar da kayan gyaran babur, haifaffen Gombe, direba yana ce masa Oga Cuks, Hausa a bakinsa kamar ni. A haguna wani siririn mutum da rawani, Mamman Sani, mai shayi a unguwar Gabukka nan Gombe, mutumin Tawa ne a Nijar, zai je gida noma.

Kafin mu kai Dukku mun wuce shingen jami'an tsaro biyu. Kowane shinge sai in ga kamar nan za a ce mu juya. Leƙowa kawai suke yi su ɗaga hannu. Bayan gadar kogi direba ya kunna labarai, aka ambaci Nijar, shi ke nan mota ta kama da gardama.

Oga Cuks ya ce, “Wallahi gangancin banza ne. Ka fita daga cikin 'yan'uwanka ka je ina? Ni ina da masu saye a Maraɗi, yanzu kowa tsoron aiko da oda yake yi.”

Mamman Sani ya juyo a hankali. Su can “hita” suke cewa, ba “fita” ba. Ya ce, “Mu munka hita, kuma ba mu yi nadama ba. 'Yan'uwa? Wane ɗan'uwa ne zai kashe maka wuta, ya ruhe maka ƙofa, magani ma ya gagara? Tsohuwata tana kwance a lokacin.”

“To ai sojojinku ne suka fara.”

“Namu ne. Mu za mu ji da su.”

Direba ya ce, “Kai Buzu, in kun fita da gaske ka tattara butocin shayinka ka bar mana Gabukka.”

“In na tahi wa zai ba ka bashin shayi, mai mota?”

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na bari suka lafa, sannan na ce, “Ku saurara. Ni ban san ƙungiya ba, aure na sani. Wannan fitar, yaji ne ko saki?”

Direba har da buga sitiyari. Amma da dariyar ta ƙare sai na ga kowa ya kama tunani. Oga Cuks ya ce, “Mama, yaji ne. Ba ki ji an tura manya biko ba?” Mamman Sani ya ce, “An zo biko, mun ƙi komawa. Mu munka nemi takardarmu.” Direba ya ce, “Ashe wa'adin nan da ake faɗa idda ce.”

Na ce, “To na ji. In idda ta cika, yaran na wa ne?”

Mamman Sani ya kau da kai waje. Daga baya ya gaya mini matarsa Batangaliya ce 'yar Billiri, da 'ya'yansu, ya baro su a Gabukka. Har muka tsaya a Darazo muka yi Azahar muka ci masa da miyar taushe, ba a sake ɗaga maganar ba.

Daga Birnin Kudu ruwa ya tsuge, direba ya rage gudu. Mun shiga Kano ana kiran Magariba. Na kwana a Kurna gidan 'yar ƙanwata. Ta ce in haƙura in koma, ana ta jita-jita. Na ce ta ba ni tuwo, ba shawara na zo nema ba.

Kano, Daura, Kwangwalam

Da sassafe na kama motar Daura, Mamman Sani ya riga ya rabu da mu ya bi hanyarsa. Ta Kazaure muka bi, gero ya yi kore shar dama da hagu. A Daura na canza kuɗi, na miƙa damin naira aka miƙo mini 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Na ƙulle su a bakin zane.

Kafin Azahar muka kai Kwangwalam, nan ne bakin iyaka. Aka ce kowa ya sauka da katinsa. Na ga manyan motoci a jere, na ga mata da ƙwarya suna tsallakawa kamar masu zuwa gidan maƙwabta, amma duk da haka ban yarda za a bar ni in wuce ba. Namu suka duba kati suka ce in wuce. A ɗaya gefen wani jandarma, wato ɗan sandansu, ya juya katin gaba da baya.

“Ina zuwa, Inna?”

“Gaisuwar mutuwa. Surukina.”

“Allah ya jiƙan shi. Wuce.”

Ban wuce ba. Na ce, “Ɗana, gaya mini gaskiya don Allah. Yaushe za ku rufe?”

Ya dube ni, ya gyara hula. Ya ce, “Inna, ni ma a rediyo nake ji, kamar ke.”

Wannan amsar ta fi ba ni tsoro a kan duk abin da na ji a mota. Mai tsaron ƙofa ma bai san ranar da za a ce ya ja ta ba.

Matamaye zuwa Damagaram

A Matamaye muka sha fura mai kyau, ta fi tamu tsami. Aka sake tsayar da mu sau da dama, kowane wuri a sauka a nuna kati a koma. Da La'asar sakaliya na hango duwatsun Damagaram. Ɗan acaɓa, su kabu-kabu suke cewa, ya kai ni har ƙofar gidan Alhaji Mutari, yayan marigayi.

Na tarar da Maryama a ɗakin mijinta, zaune a kan tabarma, ba kwalli ba ɗankunne, ta rame har ƙashin wuya ya fito. Ta ce, “Dada,” sai hawaye. Na ce ta share, ba kuka ya kawo ni ba. Ummi tana maƙale a ƙirjinta tana shan nono, ƙatuwar yarinya mai haƙora, tana hararata ta gefen ido.

Washegari bayan an karya Alhaji Mutari ya shigo, ya durƙusa daga bakin ƙofa muka gaisa, na yi masa ta'aziyya. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, ban yi kwana-kwana ba.

Ya ce, “Inna, ke uwa ce, ba zan ɗaga miki murya ba. Amma mai takaba ba ta barin ɗakin miji, kin fi ni sani. In ta gama, ita da kanta, ta zauna ko ta tafi. Ita kuwa Ummi tamu ce. Nan ne gidan ubanta, nan ce ƙasarta.”

“In aka rufe iyaka fa?”

“Ba za a rufe ba. Mun fita ƙungiya ne, ba mu fita zumunci ba. Ku can ne ake tsorata ku.”

“Wancan karon ma haka kuka ce.”

“Wancan karon ba mu muka fara rufewa ba, Inna.”

Na juya ga Maryama, ina jiran ta goyi bayana. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Dada, ba zan karya wa Abdu takaba ba. Bai taɓa ɓata mini ba.”

A gaban suruki 'yar cikina ta kayar da ni. Na ga zan koma Gombe hannu biyu, in zauna gaban rediyo ina jiran a gaya mini ko ina da sauran 'ya. Sai Ummi ta sake jan rigar uwarta.

Na ce, “Alhaji, watan yarinyar nan nawa?”

Ya ce ta kusa shekara biyu.

“Kuma har yanzu tana tsotson mai takaba, ga uwar nan ta zama kara. Ba a yi mata yaye ba. A ina ake yaye a garinku?”

Ya ce, “Gidan kaka.”

“Mahaifiyarku tana nan?”

“Ta rasu, Allah ya jiƙanta.”

“Amin. To kakar da ta rage mata ɗaya ce, ga ta a zaune.”

Matarsa da ke tsaye a bayansa ta rufe baki da mayafi. Shi ya gane, ni ma na san ya gane. In Ummi tana Gombe, ko an rufe ko ba a rufe ba, dole su nemo hanyar da uwarta za ta biyo ta. Amma ba shi da bakin hana kaka yayen jikarta, garin duk zai ji. Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce, “Sai abin da uwarta ta ce.”

Maryama ta ƙanƙame yarinyar har ta yi ƙara. Ta dube ni, na dube ta, ban sassauta fuska ba. Can ta zare nonon daga bakin ɗiyar, ta ja riga ta rufe. Ta ce, “Nono zai dame ni, Dada.” Na ce, “Ki ɗaure ƙirji da zane tamau. Zai wuce.”

Komowa

Kwana biyu na ƙara, sannan muka taso da sassafe. Maryama ba ta da ikon rako ko zuwa zaure. Daga cikin ɗaki ta miƙo Ummi, ta juya wa ƙofa baya.

Alhaji Mutari da kansa ya biyo mu har Kwangwalam, da takardar haihuwar yarinyar a aljihu. Tun daga Damagaram take tsala ihu, ta ƙi fura, ta ƙi ruwa, tana yaƙushin ƙirjina. A bakin iyaka jami'in ya tsare mu, ya ce ina uwar wannan ɗiya, me ya sa take irin wannan kuka? Alhaji ya miƙa takarda ya ce, “Yaye za a kai ta gidan kaka.” Mutumin ya duba, ya yi murmushi, ya ce shi ma a Kazaure aka yaye shi.

Da za mu rabu Alhaji ya ce, “Amana ce, Inna. Ranar da aka fita takaba ni zan kawo miki uwarta, in ɗauki ɗiyata.”

Na ce, “Ka zo tukuna.”

Muka sake kwana a Kurna, 'yar ƙanwata ta yi ta jijjiga Ummi. Washegari muka bi Wudil, Birnin Kudu, Darazo. Kukan ya koma shessheƙa, muryar ta dushe. Sai bayan Dukku wata mata a mota ta miƙo kunun gyaɗa a roba, yarinyar ta kurɓa sau ɗaya, ta ture, ta sake jawowa da kanta. Mun shigo Gombe La'asar ta yi, keke ya sauke mu a ƙofar gida a Nasarawo.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa direbobin da suka ɗauke ni, da 'yar ƙanwata, da matar nan mai kunu da ban tambayi sunanta ba, da Alhaji Mutari, wanda ya ji zafi amma bai yi mini rashin kunya ba.

Ummi ta fara cin tuwo. Jiya uwarta ta bugo waya, na ce mata tana ci tana barci, ta kwantar da hankalinta ta gama takabarta. Ban gaya mata cewa kullum da yamma yarinyar tana ɗaukar takalminta ta je bakin zaure ta tsaya ba. Nakan ɗauki kujera in zauna kusa da ita, mu dubi hanyar tare har a kira Magariba.