Ɗigo Ɗaya Mai Launin Rawaya

Tun yana yaro ake ce masa To-Idan, kuma mahaifiyarsa ce ta laƙaba masa. A aike shi sayen gishiri, sai ya toge a bakin ƙofa: to idan an rufe shagon fa, to idan ruwa ya sauko fa? Inna takan ce da fargaba noma ce, da ɗanta ya ciyar da gari. Haka ya girma, mutumin da zai kulle gida, ya kai bakin titi, ya dawo ya jijjiga kwaɗo. Allah da ikonsa, sai ya sami aikin da ba a son komai a wurinsa sai wannan hali.

Ofishinsa ɗan ɗaki ne a bayan wurin ba da magani na asibiti, da can ma'ajiyar kwalaye ce, taga ɗaya da fanka mai gurnani. A nan ya gina asibitin kaf a cikin kwamfuta: ƙofar shiga, layin kati, gadaje, ɗakin masu wahalar numfashi. Mutane ɗigo-ɗigo ne a kan allo. Ma'aikaci fari, majinyaci shuɗi, wanda cuta ta kama ya koma ja. In ana so a rufe wata ƙofa ko a ƙara gado, sai ya fara gwadawa a can, inda kuskure ba ya kashe kowa. Matarsa, nas ce a ɗakin numfashin, takan ce ita mai kiwon tururuwa ta aura.

Da annoba ta shigo, ba wanda ya ƙara yi wa tururuwar dariya. Wata safiya shugabar asibiti ta tsaya a ƙofarsa, takunkumi a fuska, idanu sun faɗa.

"Malam, ma'aikatan jinya suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya," in ji ta. "Duba mana yadda za a raba aiki, kada mu wayi gari ba mai ɗaura wa kowa ruwa."

Ya gwada ta nan, ya gwada ta can. Hanya ɗaya ce ja bai cinye allon ba: a raba su gida biyu, rukunin da ke aiki ya tare a ɗakunan kwana na bayan asibiti, ba zuwa gida, ba cuɗanya da kowa, sai ranar canji. Ya kuma san rukunin farko, wanda zai tari cutar tana ganiyarta, ba zai tafi ba tare da matarsa ba, don ita ta fi kowa iya na'urar numfashi.

A nan ya yi abin da shi kansa ya san wauta ce. Ya zaɓi farin ɗigo ɗaya ya mayar da shi rawaya. Ya fi kowa sanin kwamfuta ba duba take yi ba, kowane gwaji da yadda yake faɗuwa. Amma ido ba ya jin magana. Wani zubin rawayan ya kai ƙarshe lafiya, wani zubin ya fara rinewa, kuma da ya ga alamar ja sai yatsansa ya tsayar da komai. Abinci ya daina shiga. Ya nemi tsarin da matarsa za ta riƙa kwana a gida, sai ja ya bi ma'aikata har gidajensu, shi kuwa Inna tana nan a ɗakin tsakiya da ciwon sukarinta. Ya yi ta jan ƙafa har shugabar ta kira shi a waya, ya faɗa mata gaskiya da murya kamar ta aro.

Ranar shiga, Inna ta dafa kan surukarta ta yi mata addu'a, shi kuma ya ɗauki jaka. Sai da suka kai igiyar da aka gitta a gaban ɗakunan kwanan matar ta zuge zif ta leƙa.

"Tocila, caja biyu, allura da zare, har da lema. Maigida, yaƙi za ni ko ƙaura?"

"To idan wuta ta ɗauke fa?"

Ta yi dariya a bayan takunkumi, dariyar ba ta yi nisa ba. Ta ce, "Jiya na leƙa ofishinka kana salla. Wannan rawayan, ni ce ko?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ina fitowa?"

"Sau da yawa kina fitowa."

Ta karɓi jakar, ta ɗaga igiya ta wuce ƙarƙashinta. Daga can ɓangaren, inda hannunsa ba shi da izinin kaiwa, ta juyo. Wannan karon ba zolaya a muryarta.

"To idan ban fito ba fa? Me ka tsara muku, kai da Inna?"

Mutumin da ya tanadi amsar ruwan sama da ta ɗaukewar wuta ya kama igiyar.

"Ban taɓa barin gwajin ya kai nan ba," ya ce.

Aka kira ta daga ciki, ta shiga. Ya daɗe tsaye riƙe da igiyar, har mai gadi ya ce masa a hankali, "Malam, ba a taɓawa."