Baƙin Takarda Ya Kalli Gilashi

Shekarar da soja suka koma bariki aiki ya buɗe mana a shagon hoton yayana da ke Gyaɗi-Gyaɗi. 'Yan takara suna son fuskarsu a fasta, waɗanda suka ci zaɓe kuma suna son hoton da za a rataye a ofis. Muna da babbar kyamara, irin wadda ake leƙawa ta sama, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Hoto goma kacal fim ɗinta yake ɗauka, amma ko girman ƙofa aka buga hoton ba ya dusashewa.

Bayan kyamarar wani ɗan akwati ne da ake cirewa a ɗaura fim a ciki. Fim ɗin naɗe yake da takarda, gefe ɗaya baƙi, ɗaya mai rubutu. Ranar da Yaya ya fara koya mini aiki abu ɗaya ya yi ta maimaitawa: baƙin takarda ya kalli gilashi, wato idon kyamara. In ka juya ta, takarda ce za ta sha haske, fim yana ɓoye a bayanta bai ga komai ba.

Wani likita da muke yi wa hoto ya kawo wa Yaya mujalla daga ƙasar waje. A ciki muka ga an ƙera wa irin kyamararmu sabon baya na dijital, wanda ba ya bukatar fim. Sai ka cire tsohon akwati ka maƙala shi. Yaya ya sa likitan ya karanta masa bayanin sau biyu, sannan ya taɓe baki.

"Ba su gama ba tukuna," in ji shi. "Wai sai an ja masa waya zuwa kwamfuta. To in wuta ta ɗauke fa? In ce wa kansila ya riƙe murmushinsa har magariba?"

Daga ranar, duk sanda shago ya yi shiru, sai ya ɗauko mujallar ya shiga gyara wa masu ƙirar aikinsu. Yana son bayan ya zo da batirinsa, wanda zai yi yini guda. Yana son ya ɗauki faɗin hoto duka kamar fim, ba ya yanke gefe ba. Abin da ya fi damunsa shi ne farar shadda. A hasken ranar Kano, in ka gyara haske don fuskar baƙin mutum sai aikin riga ya ɓace, in ka bi riga sai fuska ta zama gawayi.

"Su yi wanda zai ga fuska ya ga riga. Su sa masa ɗan allo, ka ɗauka ka gani nan take."

Na ce, "Ni dai a yi wanda zai yi wa mutum tsawa in ya yi kuskure."

"Kai ai kana da shi, ɗan autan Inna. Ga ni zaune."

Da damina ta kama, ciwon ƙodar da yake fama da shi ya tsananta masa. Ƙafafunsa suka kumbura, ya daina tsayuwa bayan kyamara. Wata Juma'a bayan masallaci ya shigo cikin farar babbar riga, ya wuce kai tsaye ya zauna a kujerar masu zuwa ɗaukar hoto. Shekara ashirin yana ɗaukar mutane, shi kuwa ba shi da hoto sai ɗan fasfo na katin shaida.

"Ɗauke ni," ya ce. "Yarinyar nan shekararta biyu. Ta samu abin kallo."

'Yarsa yake nufi. Na gane maganar. Na juya masa baya na ɗaura fim ina cewa ya daina irin wannan zance. Na ɗauki goma. Yana ta gyara ni daga kujera: matsar da fitila, sunkuya kaɗan, kada ka cinye mini aikin wuya.

Da na naɗe fim na buɗe akwati, nan take na gani. Ashe na juya takardar wajen ɗaurawa. Ko hoto ɗaya bai shiga ba.

Yaya yana nan zaune, ya cire hula yana share gumi. Akwai sabon fim a aljihun tebur. Minti biyar ya ishe mu. Amma kunya ta kama ni, shekara bakwai a aiki in yi kuskuren ranar farko, kuma a kan hotonsa. Na jefa fim ɗin da na ɓata a aljihun teburin. Na ce a raina mako mai zuwa zan ƙirƙiro dalili mu sake.

"An dace?" ya tambaya.

"An dace, Yaya."

Mako mai zuwa yana kwance a asibiti. Da na je duba shi ya tambaye ni hoto. Na ce yana wurin masu wankin hoto, na ga nagetif, ya yi kyau.

"Rigar ta fito?"

"Ta fito. Fuska ma ta fito."

Ya yi murmushi ya ce ashe na iya. Bayan kwana tara Allah Ya karɓi abinsa.

Da matarsa ta fita takaba ta aiko daga Tarauni a ba ta hoton. Na ce masu wanki ne suka lalata shi. Mutanen ba su taɓa ganin fim ɗin ba. Ta ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ba ta ƙara tambaya ba.

Yanzu duk abin da Yaya ya roƙa an ƙera. Na gani a waya: baya mai batir, mai allo, mai ganin fuska da riga lokaci guda. Ban taɓa riƙe shi ba, kuma ba na kallon tallarsa har ƙarshe.

Bara yarinyar ta zo shago, ana shirin bikinta. Ta ce, "Baffa, Umma ta ce an taɓa ɗaukar Abba hoto a nan. Ko nagetif ɗin da ya lalace yana nan? An ce yanzu kwamfuta tana gyarawa."

Na buɗe aljihun tebur na ɗauko fim ɗin, yana naɗe yadda na bar shi. Na faɗa mata komai, har da minti biyar ɗin, har da abin da na ce a asibiti. Ta daɗe tana juya shi a hannu. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Ta dubi tsohuwar kujerar.

"A nan ya zauna?"

"A nan."

Ta je ta zauna. "Ta yaya ya ajiye hannunsa, Baffa?"

Na ce na dama a kan gwiwa, na hagu yana riƙe da bakin riga. Ta ajiye nata haka. Na ce ta ɗan karkata kai hagu, don haka yake yi in yana sauraro.