Mai Riƙe wa Goggo Lorna Kasko

Goggo Lorna yayar babana ce. A ɗan garinmu na Saskatchewan, a ƙasar Kanada, da wuya ka shiga kicin ba ka ga safar hannu ta ɗaukar abu mai zafi daga tanda, wadda ta ɗinka, rataye kusa da murhu ba. Ba sana'arta ba ce. Motar 'yan makaranta ta tuƙa har ta yi ritaya. Ɗinkin kuwa cewa take yi aikin malalata ne: ƙyalle biyu, abin cusawa a tsakiya, ka bi gefe da keke, shi ke nan.

Amma tana da nata tsari. Sai ta sa ka ɗora hannu a kan takardar ƙunshin kayan kanti, ta zagaye shi da fensir. Bayan safar daga tsofaffin wandunan gona take yankowa, cikin kuma daga bargunan ulu na zamanin kakarmu. In ta gama ba ta ba kowa sai ta gwada. Takan sa kaskon ƙarfe a tanda ya yi zafi sosai, ta zura safar ta ɗauko shi, ta tsaya tsakiyar kicin tana rera baiti ɗaya na waƙar coci. Idan baitin ya ƙare zafi bai kai ga fatarta ba, safa ta yi. Idan ya kai, ta farke ta ƙara ulu.

Shekarar da abin ya faru ulun ya ƙare mata. Ta shiga birni ganin likitan ciwon sukarinta, ta biya kantin kayan ɗinki ta sayo wani farin abin cusawa na roba, mai laushi kamar auduga. Ta ɗinka ɗaya ta gwada. Baiti ya ƙare, ta zarce na biyu, ba ta ji komai ba.

"Ashe wahala muke ta sha da ulu," in ji ta. Ta zauna ta ɗinka masu yawa, ta raba wa matan da za su yi girkin walimar girbi.

Wannan walimar a ɗakin ƙasa na coci ake yin ta, kuma mai fitar da talotalo daga tanda kullum Bernice ce, aminiyar Goggo tun firamare, mace mai kaifin baki wadda mijinta ya rasu. Ta zura sabuwar safa ta jawo tire. Ba ta kai tebur ba ta sake shi. Talotalo ya yi ƙasa, romo ya malale, tafin hannunta na dama ya tashi ya yi ruwa.

Goggo ta ɗauki safar ta koma gida, ta sa almakashi ta buɗe cikinta. Robar ta narke ta daskare kamar alewa. Ta buɗe wadda ta fara gwadawa, ita ma haka. Sai ta juya hannunta tana kallo. Tabon ƙuna ne a kan yatsunta, wanda ta ɗauka haƙar dankali ce ta jawo shi. Likita ya taɓa gaya mata ciwon yana kashe jin ƙafa. Ba ta taɓa kawo hannu a ranta ba.

Washegari ni na tuƙa ta, muka bi gida gida tana karɓe safar. Ba ta tsaya shan kofi a ko'ina ba. Da muka dawo ta rufe keken da mayafi.

"Na daina, 'yata," ta ce. "Yaya zan ce wa mutum ɗauki, babu zafi, alhali ni ba na jin zafin?"

Haka keken ya zauna har dusar ƙanƙara ta fara sauka. Goggo ta daina zuwa shan shayin mata, coci ma a kujerar baya take zama. Wata ranar Alhamis ina gidan aka buga ƙofa da ƙafa.

"Tsohuwar direba, buɗe mini. Hannu ɗaya gare ni, kin kuma san wadda ta jawo."

Bernice ce, hannu a naɗe da bandeji, da bargon ulun farautar mijinta a hammata. Ta jefa shi kan tebur.

"Bernice, na gaya wa kowa na daina."

"Ki ƙona ni, sannan ki bar ni da safar kanti mai hoton zakara? Babban yatsana ko shiga ba ya yi."

"Ba zan iya gwadawa ba. Ko garwashi na damƙa ba zan sani ba."

"Wa ya ce sai ke? Nawa hannun yana ji. Duk gari sun shaida, har talotalon."

Goggo ta dube ta. "Ke za ki rera baitin? Ke da mawaƙa suka roƙa ki koma wajen wanke kwanuka?"

"Sai ki toshe kunne ki kalli fuskata. Kawo fensir."

Bernice ta ɗora hannuwan biyu a kan takarda. Goggo ta zagaye na hagun. Da ta zo na daman ta tsaya, sannan ta bi gefen bandejin a hankali ba tare da ta taɓa shi ba. Ta yaye mayafin keken.

Kafin rana ta faɗi safa ɗaya ta haɗu. Bernice ta zura ta a hagu, ta ɗauko kasko, ta tsaya tsakiyar kicin ta buɗe murya. Karen gidan ya tashi ya bar ɗakin. Ba ta kai rabin baiti ba ta dire kaskon tana yarfe hannu.

"Ƙara ulu, marowaciya."

Goggo ta karɓi safar ta fara farkewa, tana dariya, tana share ido da bayan hannu.

Tun daga nan duk Alhamis Bernice na gidan, kuma babu safar da ta sake fita sai ta bi ta hannunta. Takardun hannuwan yanzu suna wajena a cikin gwangwanin biskit. Na Bernice ba ya ɓata: na daman ya fi na hagun girma.