Gamba a Kufan Ruma

Shekarar da mahara suka ƙone ƙauyenmu a Ruma, tun Nasara bai zo ba, mun binne kakana a gurguje muka gudu Zakka. Da damina ta zagayo, na raka babana kufai. Babu bukka ko ɗaya, sai gamban da ke raba gonaki, kore shar. Baba ya riƙa bi gona-gona yana yi wa ciyawa sannu da aiki, haushi ya kama ni. A gonar kakana ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya tambayi gajiya, ya yi shiru daidai tsawon amsar tsohon. Sannan ya juyo gare ni.

"Ke ba ki iya gaisuwa ba ne?"

Na durƙusa.